Basil D'Oliveira, ɗan kurket ɗin da Afirka ta Kudu ta ƙi karɓa

A Arewa ba kowa ke bin kurket ba, don haka sunan Basil D'Oliveira baƙo ne ga masu zancen ƙwallo a Kafanchan ko Fadan Kagoma. Amma a dalilinsa ne duniya ta soma juya wa Afirka ta Kudu baya a wannan wasa.

An haife shi a Cape Town a 1931. Dokar wariyar launin fata ta lissafa shi cikin 'yan ruwa biyu, filayen ciyawa kuwa na Turawa ne. Su a fako suke wasansu, a shimfiɗa tabarma kan tsakuwa don ƙwallo ta tashi daidai. Ya yi ta rubuta wa John Arlott na BBC wasiƙu, har aka samo masa gurbi a ƙungiyar Middleton ta Ingila a 1960. Kuɗin jirgi ma karo-karo mutanen unguwa suka yi masa. Da zai shiga ƙungiyar Worcestershire ya rage shekarunsa, kada a ce ya tsufa. A 1966 Ingila ta saka shi cikin 'yan wasanta.

Rigima ta taso a 1968, da Ingila za ta je wasa Afirka ta Kudu. Wani jami'in kamfanin taba ya yi masa tayin aikin koyarwa mai tsoka, muddin ya janye daga tafiyar, ya ƙi. A watan Agusta ya ci wa Ingila maki 158 a karawa da Ostireliya, amma masu zaɓen tawagar tafiyar suka tsallake sunansa, wai ba siyasa ba ce. Wa zai yarda? Sai da ɗan wasa Tom Cartwright ya janye saboda rauni aka kira shi. Firaministan Afirka ta Kudu John Vorster ya ce ƙasarsa ba za ta karɓi tawagar ba, aka soke tafiyar.

D'Oliveira ba ɗan gwagwarmaya ba ne, wasa kawai yake so. Vorster ne ya tona wa gwamnatinsa asiri. A 1970 ƙasashen Afirka, da Abraham Ordia na Nijeriya a gaba, suka yi barazanar ƙaurace wa wasannin Commonwealth a Edinburgh idan Afirka ta Kudu ta je Ingila wasa. Aka fasa gayyatar. Afirka ta Kudu ba ta sake shiga kurket na duniya ba sai 1991.

Sau 44 D'Oliveira ya buga wa Ingila manyan wasanni. Ya rasu a 2011.