Dala 12 Da Makarantar Iqbal

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, tarihi ne da ya faru da gaske, na wasu 'yan makaranta a Amurka da wani yaro masaƙin darduma daga Pakistan, wanda yini guda kawai suka yi da shi a duniya amma ya zame musu nauyin da suka ɗauka shekara da shekaru.

Sunan yaron Iqbal Masih, ɗan garin Muridke kusa da birnin Lahore, daga wani gidan Kiristoci talakawa. Yana da shekara 4 iyayensa suka ranci rupi 600 a hannun wani mai masaƙar darduma, wanda aka riƙa cewa bai wuce dala 12 ba, aka miƙa yaron ya riƙa aiki har a biya. Irin wannan rance su can suna kiransa peshgi, kuma an tsara shi ne yadda ba zai taɓa biyuwa ba. Yaro zai tsuguna gaban masaƙa yana ƙulla zare daga asuba har dare, ladansa rupi 1 a yini, idan ya yi kuskure a ci shi tara, abincin da aka ba shi ma a rubuta a kansa, ga kuɗin ruwa. Kafin Iqbal ya kai shekara 10 bashin nan na rupi 600 ya koma 13,000. Mai karatu ka lissafa da kanka, rupi ɗaya a yini yaushe za ta kashe dubu goma sha uku?

A shekarar 1992 ya sulale ya halarci taron wata ƙungiya mai yaƙi da bautar bashi, wadda ake taƙaita sunanta da BLLF, ƙarƙashin Ehsan Ullah Khan. A nan ya ji abin da ba a taɓa gaya masa ba, cewa dokar ƙasar ta riga ta haramta peshgi ta kuma soke irin bashin da ke kansa. Ƙungiyar ta fitar da shi, ta sa shi makaranta a Lahore, shi kuma Allah ya yi shi da baki, sai ya koma yana yawo da su yana wa sauran yara jawabi. Daga nan sunansa ya fita, aka kai shi Suwidin, sannan a watan Disamba 1994 kamfanin takalma na Reebok ya gayyace shi Boston don ba shi lambar yabo ta kare haƙƙin ɗan Adam. Jami'ar Brandeis har alƙawarin karatu kyauta ta yi masa, don shi burinsa ya zama lauya.

To a wannan tafiyar ne aka kai shi wata makarantar gwamnati mai suna Broad Meadows da ke garin Quincy, gefen Boston, ajin wani malami Ron Adams. 'Yan ajin sa'anninsa ne, 'yan shekara 12 zuwa 13, amma da ya zauna a kujera ƙafarsa ko ƙasa ba ta taɓawa, saboda shekarun da ya yi a tsugune da ƙarancin abinci sun tsumburar da shi. Ta bakin tafinta ya ba su labarinsa. Ina ganin abin da ya fi dukan zuciyar yaran nan shi ne irin dardumar da yake magana a kai ita ce ake sayarwa a kantunan garinsu, wataƙila ma tana shimfiɗe a falon wasunsu. Yana tafiya suka shiga rubuta wasiƙu ga shugabanni da masu kantin darduma suna tambayar wa ya saƙa kayan da suke sayarwa.

Wata huɗu bayan haka, ranar 16 ga Afrilu 1995, ranar bikin Ista, aka bindige Iqbal yana kan keke tare da 'yan uwansa biyu a wani ƙauye kusa da Muridke. Ƙungiyarsa ta ce masu masaƙun darduma ne suka sa aka kashe shi. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Pakistan, wadda ba ta gwamnati ba ce, ta yi nata binciken ta ce wani ɗan ƙodagon gona ne ya harbe shi a kan wata hatsaniya da ba ta shafi darduma ba, har wasu suka ce shekarunsa ma sun wuce 12. Shi kuwa Ehsan Ullah Khan, gwamnati ta tuhume shi da cin amanar ƙasa, ya ƙare da gudun hijira a Turai.

Labarin ya iske 'yan Broad Meadows suna hutu, amma suka taru a makaranta. A ganina a nan suka yi abin da ya bambanta su da masu kuka su share hawaye su wuce. Suka ce tunda abin da Iqbal ya fi nanatawa shi ne yaro ya riƙe alƙalami maimakon kayan saƙa, to makaranta za su gina da sunansa a Pakistan. Kuma ba su ce a ba su abin da ya sawwaƙa ba, suka yanke dala 12 ga kowane mai bayarwa, shekarunsa ke nan a duniya, kuɗin da aka ce an jinginar da shi a kai ke nan. Wannan dabara ta yi aiki ƙwarai, domin dala 12 aji guda na iya haɗa ta da wankin mota ko sayar da ɗan cincin, kuma duk wanda ya tambayi me ya sa 12, dole a ba shi labarin daga farko. A 1995 intanet sabon abu ne ko a Amurka, amma aka buɗe musu shafi, suka riƙa aika i-mel zuwa makarantu, su zauna bayan an tashi suna buɗe ambulan suna rubuta godiya. Kuɗi ya riƙa shigowa daga jihohin Amurka da ƙasashen waje har ya haura dala 100,000. A shekarar ce ma Reebok ta ba makarantar irin lambar da ta ba Iqbal.

Tara kuɗi ba shi ne mai wuya ba, wa za a damƙa wa? Yaran ba su ce su za su je su nuna wa mutanen Pakistan yadda ake makaranta ba. Suka nemi ƙungiyoyin can su aiko da tsarinsu, suka zaɓi wata mai suna Sudhaar. A 1996 aka buɗe makarantar a garin Kasur, kudu da Lahore, garin majema da masaƙa inda yara ke aiki tun suna ƙanana, aka ɗauki yara sama da ɗari biyu. An kuma haɗa da ba iyaye ƙaramin jari, don in ka cire yaro daga masaƙa ba ka duba tukunyar gidansu ba, gobe can za ka same shi. Daga baya Broad Meadows ta shiga cikin makarantun da suka fara shirin Operation Day's Work a Amurka, wanda aka kwaikwayo daga ɗaliban Norway, inda ɗalibai ke yin aikin yini su ba da ladan, su kuma jefa ƙuri'a a kan inda kuɗin zai tafi.

Ba su kaɗai mutuwar Iqbal ta motsa ba. A Kanada wani yaro ɗan shekara 12, Craig Kielburger, ya ga labarin a jarida, ya tara 'yan ajinsu suka kafa Free the Children a 1995. Tasu ta fi ta Quincy girma nesa ba kusa ba, ta koma WE Charity, ana cika filayen wasa da ɗalibai, mawaƙa da 'yan siyasa na hawa dandamali. Sai a 2020 gwamnatin Justin Trudeau ta ba ta aikin gudanar da shirin tallafin ɗalibai na ɗaruruwan miliyoyin dala, ya fito fili cewa an taɓa biyan mahaifiyar Trudeau da ɗan uwansa kuɗin yin jawabi a tarukanta. Ministan kuɗi Bill Morneau ya yi murabus a watan Agusta, a watan Satumba ƙungiyar ta sanar za ta rufe ayyukanta a Kanada. Ni dai tsakanin biyun na fi karkata ga 'yan dala 12, waɗanda suka san sunan garin da kuɗinsu ya sauka.

Ita kuwa Pakistan, sai a 2022, shekara 27 bayan an binne shi, gwamnatinta ta ba Iqbal Masih lambar jarumta ta Sitara-e-Shujaat.