Afuwa daban, wankewa daban: labarin kalmar exonerate

Yau kalma ɗaya na ɗauko mana, kalmar Turanci da kuke yawan gani a jaridu idan wani kwamiti ya gama binciken wani babba: exonerate. Masu fassara labarai kan ce "an wanke shi", kuma fassarar ta yi. Asalinta daga harshen Latin ne, gaɓa biyu aka haɗa: ex, wato cirewa, da onus, wato kaya mai nauyi. Kun ga ke nan Bature yana kallon zargi a matsayin kaya da aka ɗora wa mutum a ka, sai hukuma ta zo ta sauke masa. Mu kuma datti muke gani, shi ya sa muke wankewa.

Matsalar ita ce ana yawan cakuɗa ta da wasu kalmomi biyu. Akwai acquit, wato kotu ta sallami mutum saboda ba a tabbatar da laifin a gabanta ba. Akwai pardon, wato afuwa, shugaba ya ce na yafe maka hukuncin. Ita kuwa exonerate cewa take yi tun farko ma bai aikata ba. Ban san labarin da ya fi nuna tazarar da ke tsakaninsu kamar na Alfred Dreyfus ba, don a cikinsa duka ukun sun fito, kowacce da ranarta.

A 1894 wata mai shara a ofishin jakadancin Jamus da ke Faris, wadda a ɓoye take yi wa sojojin Faransa aiki, ta tsinto wata takarda a kwandon shara. Takardar ta nuna cewa wani hafsan Faransa yana sayar wa Jamus sirrin soja. Aka duba aka duba, sai ido ya faɗa kan Kyaftin Dreyfus. Bayahude ne, ɗan yankin Alsace da Jamus ta ƙwace a 1871, a lokacin da ƙin Yahudawa ya yi kaka-gida a jaridun Faransa. Kotun soja ta zauna a asirce, aka miƙa wa alƙalai wasu takardu da ko lauyansa bai gani ba, a watan Disamba aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Ranar 5 ga Janairu 1895 aka tara sojoji a fili, aka tsittsige masa anini, aka karya takobinsa, yana ta faɗin cewa bai yi ba. Daga nan sai wani tsibiri a gaɓar Kudancin Amurka da ake kira Tsibirin Shaiɗan.

To, a 1896 sabon shugaban sashen leƙen asirin soja, Georges Picquart, ya gano cewa rubutun takardar nan na wani Manjo Esterhazy ne. Ya kai wa manyansa. Me kuke tsammani suka yi? Tura shi Tunisiya suka yi don ya yi nisa da maganar. Da surutu ya yi yawa aka gurfanar da Esterhazy a Janairun 1898, kotun soja ta sallame shi. Ku riƙe wannan: mai laifin ne fa aka yi wa acquit. Sallamar kotu ba ta nufin hannun mutum a tsabtace yake, iyakarta dai ba a kama shi ba, ko kuma ba a so a kama shi ba.

Kwana biyu bayan haka, ranar 13 ga Janairu, marubuci Émile Zola ya buga buɗaɗɗiyar wasiƙa a jaridar L'Aurore, ya ambaci janar-janar da sunayensu. Aka same shi da laifin ɓata suna, ya gudu Ingila. A watan Agusta wani Kanar Henry ya amsa cewa shi ya ƙirƙiri ɗaya daga cikin takardun da ake kafa hujja da su, washegari aka iske gawarsa a ɗakin da ake tsare da shi.

Duk da haka, da aka dawo da Dreyfus aka sake shari'ar a garin Rennes a 1899, kotun soja ta sake cewa yana da laifi, amma wai akwai dalilan sassauci, shekara 10. Cin amanar ƙasa da sassauci! Kowa ya san kunya ce ta hana su. Kwana 10 bayan hukuncin shugaban ƙasa Émile Loubet ya ba shi afuwa.

Nan ne wurin da nake so mu ɗan tsaya. Mutumin nan ya yi sama da shekara huɗu a tsibiri, jikinsa ya lalace, yana da mata da 'ya'ya biyu. Idan ya karɓi afuwa zai koma gida, amma sai ya janye ɗaukaka ƙarar da ya shigar, kuma a takarda yana nan a matsayin maci amana da aka ji tausayinsa. Idan ya ƙi, wataƙila kurkuku ta kashe shi. Ya karɓa. Wasu daga cikin waɗanda suka yi masa faɗa suka ji haushi ƙwarai, suna ganin ya watsa musu ƙasa a ido. Ni dai ba na ganin laifinsa. Wanda ke kwana a gadonsa yana da sauƙin cewa wani ya daure. Kuma bai tsaya nan ba, ya ci gaba da neman a sake duba shari'ar.

Sai ranar 12 ga Yuli 1906 babbar kotun Faransa ta soke hukuncin Rennes gaba ɗaya, ta ce babu abin da ya rage na zargin. Wannan ranar ce littattafan tarihi na Turanci ke cewa an yi masa exonerate. Aka mayar da shi soja da muƙamin manjo, aka ba shi lambar girma. Shekara 12 ke nan. Zola bai gani ba, ya rasu tun 1902. Kuma ba a lissafa wa Dreyfus shekarun da ya rasa wajen ƙarin girma yadda ya kamata ba, shi ya sa ya yi ritaya a 1907. Esterhazy kuwa ya mutu a Ingila ba tare da ya yi zaman kaso kan wannan laifi ba.

Kada ku ɗauka rigimar kalmomin nan ta tsaya a Turai. Ranar 10 ga Nuwamba 1995 aka rataye Ken Saro-Wiwa da wasu 'yan Ogoni takwas a Fatakwal, bayan wata kotu ta musamman ta same su da hannu a kisan wasu dattawan Ogoni huɗu, shari'ar da ba a ba su damar ɗaukaka ƙara ba. Ranar 12 ga Yuni 2025 Shugaba Tinubu ya sanar da yi musu afuwa tare da lambobin girma. Wasu daga cikin iyalansu da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ce ba abin da suke nema ba ke nan: mai laifi ake yi wa afuwa, su wankewa suke so. Matattu ba su da kurkukun da za a fitar da su daga ciki, sunan kawai ya rage, kuma a kansa ake jayayyar.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, idan Allah Ya kai mu.