Tarihin Ɗumama Mota a Ƙasashen Sanyi

Yawancin motocin farko na Amurka da Turai ba su da rufi, saboda haka matafiya a lokacin hunturu sukan lulluɓa da barguna, su ɗora ƙafafunsu bisa tubalin da aka ɗumama. Wajen 1930 aka fara amfani da hita, wato ƙaramin lagireto da ruwan zafin inji ke ratsawa, fanka kuma tana hura ɗuminsa cikin mota. Kamfanin Packard ya shigo da na'urar sanyaya iska a 1939, sannan kamfanin Nash ya haɗa ta da hita wuri guda a 1954. Amfanin wannan haɗi shi ne, ko a lokacin sanyi na'urar sanyayawa tana tsotse laimar iska, wadda ita ke taruwa a gilashi har direba ya kasa ganin hanya.