Ganuwar Kano da Takwararta ta Ƙasar Faransa

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai da Allah ya kai Turai sukan dawo da labarin tsofaffin birane masu ganuwa, musamman Karkason da ke kudancin Faransa. Ganuwarta ta dutse ce, ruɓi biyu, tsawonta kimanin kilomita 3, da hasumiyoyi 52. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a 1849 gwamnatin Faransa ta yanke shawarar rushe ta. Sai da jama'a suka yi caa, sannan aka damƙa gyaranta ga magini Viollet-le-Duc a 1853.

To, tamu fa? Littafin Tarihin Kano, wanda malamanmu suka sha karanta mana, ya nuna Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ne ya fara ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya kammala. Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, haka ma Muhammadu Nazaki a ƙarni na 17, har kewayenta ya haura kilomita 14. Ke nan ta ninka ta Karkason fiye da sau huɗu.

Amma dutse daban, ƙasa daban. Ginin ƙasa kowace damina sai ta ci rabonta, don haka sai an bi shi da yaɓe. Su wa ke wannan aiki? Talakawa ne, har da kakanninmu na karkara, waɗanda akan kira aikin gayya da rani. Ba kuwa a banza suka yi ba, domin in yaƙi ya taso cikinta ake gudu da iyali da dabbobi, shi ya sa aka bar filayen noma a ciki. Ko a lokacin zaman lafiya, jakunan mutanen Ungogo da Dawakin Tofa kan shiga ta Ƙofar Ruwa ko ta Dawanau da itace, su fito da takin birni zuwa gonaki. A ganina duk wanda ya ba da tarihin ganuwa bai ambaci manomin karkara ba, rabin labari ya bayar.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka ci birnin. Da yaƙi ya ƙare, sai gyaran shekara-shekara ya bi bayansa, masu ɗibar ƙasa da masu neman fili suka ɗora daga inda ruwan sama ya tsaya. Karkason ta shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 1997. Ganuwar Kano kuwa a 2007 aka sa ta cikin jerin masu jiran shiga, bayan shekara uku aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi.