Fort Monroe: Rayuwar Soja a Barikin Bakin Teku

A gaɓar jihar Bajiniya ta Amurka, inda mashigin ruwan Chesapeake ke buɗewa zuwa Tekun Atlantika, akwai wata ganuwa ta dutse da gwalalo cike da ruwa ya kewaye. Sunanta Fort Monroe. An fara gina ta a 1819, aka kammala a 1834, bisa zanen Simon Bernard, injiniyan Faransa da ya taɓa yi wa Napoleon aiki. Cikin waɗanda suka ɗauki duwatsunta har da bayi baƙaƙen fata da gwamnati ta yi hayarsu daga hannun iyayengijinsu. An gina ta ne don kada jiragen yaƙin Ingila su sake kutsowa kamar yadda suka yi a yaƙin 1812. Amma abokin gaban da ake dako daga ƙetare bai zo ba, sai dubban sojoji suka ƙare shekarun aikinsu suna goge igwa suna kallon teku.

Begila ce ke raba wa soja yininsa. Ita ke tashinsa da asuba, ita ke kiransa cin abinci, fareti da gadi, da yamma kuma a buga igwa ɗaya a sauke tuta. Tun 1824 aka kafa makarantar koyon harba igwa a nan, saboda haka karatu ya shiga cikin aikin yau da kullum. Bayan da aka girka manyan igwoyin zamani a ƙarshen ƙarni na 19, masu harsashin da nauyinsa ya haura kilo 400, aikin ya koma na lissafi. Wasu na hango jirgi da madubin hangen nesa, wasu na auna nisa a kan taswira, wasu na tura harsashi. Yawancin ranaku atisayen ba harbi a cikinsa, domin harsashin tsada gare shi. Ranar da za a harbi abin bara da ƙaramin jirgi ke ja a kan ruwa kuwa, rana ce da kowane rukuni ke jira don ya nuna bajinta.

Sauran lokacin na shara ne, fenti, shafa wa ƙarfe mai don gishirin teku kada ya ci shi, da wankin kaki.

Masauki ma da labarinsa. A cikin kaurin bangon akwai ɗakuna masu rufin baka da aka yi don igwoyi, daga baya aka mayar da da yawansu gidajen hafsoshi da iyalansu. Da zafi suna da sanyi mai daɗi, amma danshi ba ya barinsu. Cikin irin waɗannan ɗakuna aka buɗe kulob ɗin hafsoshi, barandarsa na kallon ruwan gwalalo. Robert E. Lee, wanda daga baya ya jagoranci sojojin Kudu a yaƙin basasar Amurka, ya zauna a barikin daga 1831 zuwa 1834 yana matashin laftana, a nan kuma aka haifi ɗansa na fari. Kafin shi, marubuci Edgar Allan Poe ya iso a ƙarshen 1828 da sunan aro, ya kai muƙamin samanja, ya bar aikin a 1829.

Abin da ya bambanta Fort Monroe da sauran barikoki shi ne maƙwabcinta: wurin shaƙatawa. A 1822 aka gina otal ɗin Hygeia dab da ganuwar, a 1896 kuma aka buɗe katafaren otal ɗin Chamberlin. Jiragen ruwa na sauke masu hannu da shuni daga Baltimore da Washington don shan iskar teku. Baƙin kan fito kallon faretin yamma da sauraren 'yan badujala, da dare kuma matasan hafsoshi su sa kayan ado su tafi rawa a otal. A watan Disamba na 1907 jama'a suka yi dafifi a wannan gaɓa suna kallon manyan jiragen yaƙi 16 da Shugaba Theodore Roosevelt ya sallama su kewaya duniya.

Kurtu kuwa ba da shi ake wannan shagali ba. Albashinsa dala 13 ne a wata har zuwa 1908, lokacin da aka ƙara shi zuwa 15. Nishaɗinsa shi ne wasan besbol a filin fareti, ninƙaya, kamun kifi, karta da kantin bariki. A 1901 majalisar dokokin Amurka ta hana sayar da giya a kantunan soja, sai kasuwar mashayun garin Phoebus da ke tsallaken gada ta ƙara buɗewa, musamman ranar albashi. Masu son raba samarin da wannan hanya suka tashi tsaye. A 1903 aka buɗe ginin ƙungiyar YMCA da kuɗin attajira Helen Gould, inda soja zai samu littafi, wurin motsa jiki da teburin rubuta wa gida wasiƙa. Ranar Lahadi kuma akwai cocin Centurion, wanda aka gina da katako a 1858, yana nan har yau.

Jirgin sama da makaman zamani suka rage wa igwar bakin teku daraja, makarantar koyon harba igwa ta tashi daga nan a 1946, barikin ya koma hedikwatar ofisoshi. A 2011 sojoji suka sauke tutarsu, Shugaba Barack Obama ya ayyana wurin a matsayin kayan tarihi na ƙasa. Mai ziyara a yau zai iya hawa kan ganuwar ya zagaya ta da ƙafa. A can sama, tsakanin guraben da igwoyi suka taɓa zama, zai tarar da jerin ƙananan kaburbura na karnuka da kyanwowin iyalan sojoji, da yawansu ɗauke da suna da shekarar mutuwa.