Yaba, Asibi da Katin Shawara: Mutanen da Suka Cancanci Yabonmu

Duk wanda ya taɓa shirin tafiya aikin Hajji, ko ya yi niyyar zuwa Gana fatauci, ya san katin nan mai ruwan ɗorawa da ake nema, wato shaidar an yi masa allurar riga-kafin zazzaɓin shawara. Mukan karɓa mu jefa a jaka, mu manta. Mu kuwa mazauna Legas ya kamata mu san tarihinsa, domin wani babban ɓangare nasa a Yaba aka yi shi, unguwar da muke ratsawa a mota safe da yamma.

A 1925 Gidauniyar Rockefeller ta Amurka ta turo ayarin likitoci su binciki shawara a Afirka ta Yamma, suka kafa sansani a Yaba. A lokacin an riga an gano cewa sauro ne ke yaɗa cutar, amma ba a kama ƙwayar da ke haddasa ta ba. Mutum zai kwanta da zazzaɓi, idanunsa su koma ruwan ɗorawa, ya shiga aman jini, cikin 'yan kwanaki sai a ji rasuwarsa. Babu magani, babu riga-kafi.

Ayarin yana tura likitocinsa duk inda cutar ta ɓulla. A watan Yunin 1927, a ƙasar da a yau ake kira Gana, wani likitan ayarin mai suna Alexander Mahaffy ya ɗibi jinin wani mutum ɗan shekara 28 da ake kira Asibi, wanda ciwon bai yi masa tsanani ba. Aka sa jinin a jikin wani biri irin na Indiya, birin ya kamu, ya mutu. Da haka aka samu dabbar da za a riƙa raya ƙwayar cutar a jikinta ana nazari. Shi Asibi ya warke ya ci gaba da harkokinsa.

Masu binciken ba duka suka tsira ba. Farfesa Adrian Stokes, wanda ya zo daga Landan, ya kamu da cutar a bakin aiki, ya rasu a Legas a watan Satumban 1927. Dakta Hideyo Noguchi, ɗan ƙasar Japan, ya rasu a Akara ranar 21 ga Mayun 1928. Bayan kwanaki kaɗan Dakta William Young, shugaban ɗakin gwaje-gwajen Akara wanda ya yi aiki tare da shi, ya bi shi. Abin lura game da Noguchi shi ne ya zo Afirka da nasa ra'ayin kan abin da ke jawo shawara, bincike kuma ya nuna ba daidai ba ne. Duk da haka ba a zubar da darajarsa ba, domin kuskuren mai bincike na gaskiya yakan toshe hanyar da ba ta ɓullewa, na baya su huta da binta.

Ƙwayar cutar da aka samu a jinin Asibi ta isa birnin Niyok. Can Max Theiler, haifaffen Afirka ta Kudu, da abokan aikinsa suka yi ta renon ta suna sauya mata mazauni, har a tsokar ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, sai da ƙarfinta ya karye: ba ta kwantar da mutum, amma tana koya wa jiki yadda zai kare kansa. A 1937 aka samu riga-kafin da ake kira 17D. Shi ake amfani da shi har yau, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar allura ɗaya ta isa kariya har ƙarshen rayuwa. Sansanin Yaba kuwa bai mutu ba, a nan Cibiyar Binciken Lafiya ta Najeriya, wato NIMR, take zaune.

To, yaya aka saka wa waɗannan mutane? Theiler ya samu lambar yabo ta Nobel a 1951. An kafa cibiyar bincike da sunan Noguchi a Jami'ar Gana a 1979, Japan kuma ta sa hotonsa a takardar kuɗinta ta yen 1,000 a 2004. Gwamnatin Japan ta ƙara da lambar yabo da sunansa domin masu yi wa lafiyar Afirka hidima. A karon farko, a 2008, an ba Dakta Miriam Were ta Kenya saboda aikin lafiya a tsakanin talakawa, da Farfesa Brian Greenwood saboda bincike. Shi Greenwood ba baƙo ba ne a wurinmu: ya yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, sannan ya shafe kimanin shekara goma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana nazarin sanƙarau. Daga baya a Gambiya, shi da abokan aikinsa suka nuna cewa gidan sauro mai magani yana rage mutuwar ƙananan yara.

Yabon gwani ya zama dole, amma a jerin nan akwai wanda hotonsa bai hau takardar kuɗi ba. Asibi ba farfesa ba ne, sai dai duk jaririn da aka yi wa allurar shawara yana da wata tara, daga jinin wannan bawan Allah asalin riga-kafinsa ya fito. Haka ma masu share ɗakin gwaji, da masu kiwon birai, da tafintoci, da iyayen da suka amince a ɗibi jinin 'ya'yansu. In za a karrama bincike, da su za a haɗa.

Mun san dalilin da ya sa wasunmu ke ɗari-ɗari. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan wanda ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jihar. Wannan tabo gaskiya ne, bai kamata a share shi ba. Darasinsa shi ne mu tambaya kafin mu amince: wa ya ba da izinin wannan bincike, mene ne haɗarinsa, kuma in mun ƙi za a hana mu magani? Mai bincike na ƙwarai ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, kuma irinsa muke yabo.

Shawara ba ta tafi ba. Ta sake ɓulla a jihar Kwara a 2017, ta yi ɓarna a Bauchi a 2019. Saboda haka karramawar da ke hannunmu ba ta buƙatar ɗakin taro. Mu duba katin yaranmu mu ga ko an yi musu allurar wata tara, musamman waɗanda aka haifa a gida ko aka kai ƙauye. Kada mu sayi katin bogi a hannun 'yan share-ka-manna don gudun layi, domin sauro ba ya karanta kati. Mu kuma ba yaranmu labarin Asibi da likitocin Yaba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mu da zuriyarmu. Amin.