Jinin Farhat Hashad da Yajin Aikin Kasabalanka

Hausawa sun ce abin da ya taɓa hanci, ido ruwa yake yi. Tarihin ƙwadago a arewacin Afirka ya tabbatar da wannan magana a watan Disamba na shekarar 1952, lokacin da aka kashe wani shugaban ma'aikata a Tunisiya, mutanen Maroko suka zuba ƙirji ga harsashi saboda shi.

An haifi Farhat Hashad a 1914 a tsibiran Karkana, a gidan masunta. Ya yi aiki a wani kamfanin sufuri a garin Susa, inda ya shiga CGT, ƙungiyar ƙwadagon Faransa. Da ya lura cewa ƙungiyar ba ta ɗauki 'yancin ƙasarsa da muhimmanci ba, sai ya fice, kuma a ranar 20 ga Janairu 1946 ya jagoranci kafa UGTT, ƙungiyar ƙwadago ta 'yan ƙasa. A ganinsa, batun albashi da batun mulkin mallaka abu guda ne, domin ma'aikacin da ba shi da iko da ƙasarsa ba zai sami iko da guminsa ba.

Hashad ya san cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka a 1951 ya shigar da UGTT cikin ICFTU, haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta duniya mai hedikwata a Burasal, ya kuma halarci taron ƙungiyar ƙwadagon Amurka a birnin San Faransisko tare da Habib Burgiba. Wannan zumunci ya zame masa garkuwa. A Janairun 1952 Faransawa suka kama Burgiba da manyan jam'iyyarsa, amma suka yi shakkar taɓa Hashad, don sun san kama shi zai tayar da ƙura a Turai da Amurka. Ta haka ragamar gwagwarmayar ƙasar ta koma hannunsa.

Garkuwar ta hana ɗauri, amma ba ta hana kisan gilla ba. Da safiyar 5 ga Disamba 1952 aka buɗe wa motarsa wuta a kusa da Radis, a wajen birnin Tunis. Ya fita da rauni, wata mota ta ɗauke shi kamar za a kai shi asibiti, aka ƙarasa shi da harsashi a ka. Yana da shekara 38. An ɗora alhakin kisan a kan wata ƙungiyar 'yan ta'adda da ake kira La Main Rouge, wato Jan Hannu, wadda ke da alaƙa da hukumar leƙen asirin Faransa.

Labarin bai kwana uku ba sai Kasabalanka ta tashi. Ƙungiyar ƙwadagon Maroko da jam'iyyar Istiƙlal suka kira yajin aikin gama-gari, a ranakun 7 da 8 ga wata talakawan unguwannin ma'aikata suka fito kan titi. Sojoji da 'yan sanda suka buɗe wuta, aka yi asarar rayuka masu yawa, aka haramta Istiƙlal, aka kulle shugabanninta. Akasarin waɗanda suka mutu ba su taɓa ganin Hashad ba, kuma ba ƙasarsu ɗaya ba. Abin da ya fito da su shi ne sanin cewa hannun da ya kashe shi, shi ne ke shaƙe da wuyansu. An yi zanga-zanga a Alƙahira da Damaskus da Beirut, ICFTU ta yi tir da kisan, a ranar 17 ga watan kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri kan batun Tunisiya.

Mai shakka na iya cewa wannan duk ihu ne bayan hari, tunda mamaci bai dawo ba. Amma masu kisan sun yi nufin kashe wuta ne a ƙasa ɗaya, sai ta kama a ƙasa biyu. Rikicin da ya biyo baya a Maroko ya kai ga tsige Sarki Muhammad na Biyar a 1953, abin da ya ƙara haɗa kan jama'a. A watan Maris na 1956 Faransa ta sakar wa Maroko da Tunisiya mara, kwana goma sha takwas tsakani.

Ƙungiyar da Hashad ya kafa ta rayu har ta sami lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 2015, tare da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Tunisiya, da ta lauyoyi, da ta masu masana'antu. Har yau ana ɗaure 'yan ƙwadago da masu kare haƙƙin jama'a a sassan duniya, kuma azzalumi yakan auna abin da ɗaurin ko kisan zai jawo masa kafin ya aikata. Aikin 'yan'uwa na nesa shi ne su sa wannan farashi ya yi tsada tun mutumin yana raye.